WASAN DA BA A MAGANA: ABIN DA NA GANI A RAWAR GISELLE TA AKRAM KHAN

 Labari ya iske ni a nan Landan cewa gardama ta tashi a ƙungiyarmu tsakanin samari da dattawa. Samari suna so su nuna siliman wata rawar Turawa a zauren taro ran hutu, dattawa kuwa sun ce ba da su ba, zauren da a ke karatu da sulhu a ciki ba za a mai da shi dandalin 'yan rawa ba. Edita ya aiko mini takarda, ya ce tun da na taɓa ganin wasan da idona, in faɗi abin da na gani. To, gani ya kori ji. Zan faɗi abin da ya ƙayatar da ni, in faɗi abin da ban so ba, sa'an nan hukunci ya rage ga masu shi.

Bari in fara da bayani saboda wanda bai sani ba. Irin wannan rawa sunanta bale. Labari ne a ke bayarwa tun daga farko har ƙarshe, amma ba mai buɗe baki ya ce uffan. Ba waƙa, ba zance, sai kiɗa da motsin jiki. Yara kan fara koyonta tun suna ƙanana, su yi shekara da shekaru suna horo kafin a yarda su hau dandamali. Abin da a ka fi sanin matan da shi kuwa shi ne tsayawa bisa tsinin yatsun ƙafa, cikin wani takalmi mai taurin baki, har ka ga kamar ba su taka ƙasa.

Shi wannan wasa, Giselle, wanda a ke furtawa Jizel, tsoho ne ƙwarai. A Faris a ka fara yinsa, ran 28 ga Yuni 1841. Adolphe Adam ya tsara kiɗan, Jean Coralli da Jules Perrot su ka tsara rawar. Labarinsa na asali ga shi a taƙaice. Wata budurwa ce 'yar ƙauye, wani ɗan sarauta ya ɓad da kama ya zo ya yaudare ta, alhali kuwa yana da wadda a ka ba shi a gida. Da asiri ya tonu sai hankalinta ya gushe, ta faɗi ta mutu. Ta tashi cikin fatalwowin 'yammatan da su ka mutu kafin ranar aurensu, waɗanda ke tare maza a daji da dare su sa su rawa har su mutu. Da saurayin ya zo kabarinta su ka kama shi, amma ita ta kāre shi har gari ya waye. Shekara ɗari da saba'in da biyar Turawa suna kallon wannan labari kafin Akram Khan ya sa masa hannu.

Akram Khan haifaffen Landan ne, a 1974, iyayensa kuwa mutanen Bangaladash ne. Watau shi ma ɗan baƙi ne kamarmu. Tun yana yaro ya koyi wata rawar arewacin Indiya mai suna katak, wadda a ke yi da buga ƙafa da juyi mai sauri, daga baya ya koyi rawar zamani ta Turawa, ya kafa ƙungiyarsa a 2000. Shi ba ɗan bale ba ne. Tamara Rojo, 'yar Sifen wadda ta shugabanci ƙungiyar English National Ballet daga 2012 zuwa 2022, ita ce ta kira shi ta ce ya sabunta musu Jizel. A ka fara nuna nasa a Mancesta ran 27 ga Satumba 2016, garin da ya yi suna da masaƙu tun zamanin da. Ni kuwa na gan shi a gidan wasa na Sadler's Wells a Satumba 2019. 'Yar ƙanena ce ta sayi tikiti. Na ce mata ina ni ina rawar Turawa da furfurata? Ta ce, "Baba, zo dai ka ga labarin zongo." Na bi ta don kada kuɗinta su tafi a banza. Siliman da samari ke so su nuna an ɗauke shi ne a Libaful a 2017, shi ma na kalle shi kafin in ɗauki alƙalami.

Da labule ya buɗe, ba ƙauye, ba itatuwa, ba gidan sarki. Wani ƙaton garu ne ya tsare dandamali daga wannan gefe zuwa wancan, jikinsa duk sawun tafin hannu. Mutane maza da mata sun ba mu baya, sun dafa garun suna turawa, a hankali, a hankali, garu bai san suna yi ba. Waɗannan su ne baƙin haure, masu aikin ɗinki a wata masana'anta da a ka rufe. A bayan garun kuwa masu gari ne, masu dukiya. Wallahi kafin a yi taku ɗaya na rawa, jikina ya yi sanyi. Na tuna hirar iyayenmu a kan Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar Gana, mutanen da a ka haifa a Kumasi da Ankara su ka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Na tuna kuma 1983, da Nijeriya ta kori nata baƙin, Ganawa da yawa a cikinsu. Duk ɗan zongo ya san garun nan, ko da ba a gina shi da tubali ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a kashi na farko shi ne rawar taron. Khan ya mai da mutane masaƙa. Sai ka ga wasu sun jeru suna ɗaga hannu suna saukewa, wasu suna ratsawa ta tsakaninsu da gudu kamar ƙoshiya tsakanin zare. Can kuma sai su sunkuya su riƙa sukuwa suna ƙetare dandamali jeri bayan jeri, kamar garken da a ka koro. Ba su miƙe wuya suna neman sama irin na 'yan bale na gargajiya. Nauyinsu a ƙasa ya ke, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa tana dukan ƙasa, ga juyin nan na katak mai sa mai kallo jiri. Wanda ya taɓa ganin 'yan Takai sun zagaya fili suna haɗa sanduna a kan kiɗa guda, ya san daɗin ganin mutane da yawa sun zama jiki ɗaya. Irin wannan daɗi ne, sai dai nan an gauraya shi da tsoro.

Cikin taron nan Jizel ta ke, da saurayinta Albiret, ɗan masu gari da ya sa tufafin talakawa ya tsallako. Ta kama hannunsa ta ɗora a cikinta, da haka mu ka gane tana da juna biyu. Ku dubi hikima: taku ɗaya ya faɗi abin da marubuci zai cika shafi da shi, ya kuma ƙara wa yaudarar nauyi fiye da yadda ta ke a tsohon labari.

Sa'an nan sai jiniya ta yi ƙara, garu ya juya, masu gari su ka fito. Tufafinsu abin kallo ne, riguna masu fāɗi da ado har ba su iya tafiya sai da jan jiki. Tim Yip, mutumin Honkon, shi ya zana su, shi kuma ya zana garun. Cikinsu akwai Batilda, wadda a ka yi wa Albiret baiko da ita. Jizel ta matsa ta taɓa rigar Batilda, ta gane ɗinkin hannunta ne. Batilda kuwa ta yar da safar hannunta a ƙasa don a sunkuya a ɗauko mata. Nan na tuna benen Rana Plaza a Bangaladash, wanda ya rushe ran 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100, yawancinsu masu ɗinka wa kantunan Turai tufafi. Irin tufafin nan ne, bayan an sa an gaji, a ke ɗaurewa dila dila a kawo mana gwanjo a Kantamanto, 'yammatan Arewa su ɗauka a ka. Ashe zaren labarin nan ya biyo har ta ƙofar gidanmu.

Da a ka ce Albiret ya zaɓa, sai ya sunkuyar da kai ya koma wajen danginsa. Mutuwar Jizel ita ce wurin da ba zan manta ba. Uban masu gari ya ba da umurni, talakawa su ka kewaye ta, da'ira cikin da'ira, sun rungumi kafaɗun juna, taron yana kumbura yana sacewa kamar ƙirjin mai numfashi. Ta ɓace a tsakiyarsu. Da su ka watse, sai gawa. Ba a nuna mana hannun da ya yi kisan ba tukuna. Ba sarki ya taɓa ta ba, ba dogari. 'Yan'uwanta ne su ka rufe ta.

Nan ne zan yi magana a kan Hilariyon, don a ganina shi ne mutumin da Khan ya fi ƙwarewa wajen ginawa. A tsohon wasa mai gadin daji ne kurum, mai son Jizel ba ta sonsa. Khan ya mai da shi ɗan tsakani. Talaka ne, amma ya sa 'yar malafar Turawa, ya iya gaisuwar masu gari, shi ke shiga ya fita, shi ke kai kaya ya kawo kuɗi, ya ci ya ba 'yan'uwansa su lasa. Jama'a, wa bai san shi ba? Kowane zongo yana da nasa: mai jin harshen hukuma, mai samo takarda, mai karɓar la'ada a hannu biyu. Muna zaginsa da rana, mu ƙwanƙwasa ƙofarsa da dare. A siliman, Jeffrey Cirio ne ya fito a matsayinsa, yana birgima yana zabura kamar muzuru, ba ka iya ɗauke ido daga kansa. Ba ka sonsa, amma ka san yunwar da ta haife shi.

Kashi na biyu a kangon masana'anta a ke yinsa, cikin duhu. Fatalwowin nan yanzu matan da su ka mutu a bakin aiki ne. Sarauniyarsu Mirta ta jawo gawar Jizel a ƙasa, ta tashe ta, ta tilasta mata ta hau bisa tsinin yatsu. A nan na gane wayon Khan. Duk kashi na farko talakawa da tafin ƙafa su ke taka ƙasa. Ya ɓoye tsayuwar nan ta bale, ya ajiye ta ga matattu kaɗai. Abin da Turawa su ka saba gani a matsayin ado da taushi, shi ya mai da shi abin firgita. Ga su dogaye, gashi a sake ya rufe fuska, kowace da doguwar sandar gora, wani lokaci a hannu, wani lokaci a haƙora, suna dukan ƙasa da ita gaba ɗaya. Stina Quagebeur ce Mirta a siliman, ta kan daɗe a tsaye bisa yatsu har ka ji naka ƙafafun sun yi tsami. Hilariyon ya shigo, a ka maimaita kisan a gabanmu, mu ka ga hannunsa ne a wuyan Jizel. Su ka soke shi da gorori har ya mutu. Albiret ya zo, Mirta ta ba Jizel gora ta kashe shi. Su ka yi rawa su biyu, ita jiki ba ƙarfi, tana zamewa daga hannunsa, yana tarowa. Daga ƙarshe ta yafe masa, ta bi Mirta su ka koma duhu. Garu ya rufe, ya bar shi shi kaɗai a waje, ba shi ga masu gari, ba shi ga talakawa.

To, wannan shi ne yabo. Yanzu ga inda na ga aibu, don mai yabo kaɗai maroƙi ne.

Na farko, labarin ba ya fita sarai ga wanda bai karanta shi ba tukuna. Ni da 'yar ƙanena ta raɗa mini a kunne, na bi. Amma an bar abubuwa da yawa a cikin ɗan littafin bayani da a ke sayarwa a ƙofa. Ba abin da ya nuna maka a dandamali cewa an rufe masana'anta, ko cewa matan nan a bakin aiki su ka mutu. Wasan da ya ce zai yi magana da jiki, in sai an karanta takarda kafin a gane shi, to, jikin bai gama faɗin saƙonsa ba.

Na biyu, duhu da ƙara sun yi yawa. Vincenzo Lamagna ya tsara kiɗan, ya tsinko 'yan guntaye daga na Adam ya nutsar da su cikin rugugi irin na injin niƙa. Da farko abin yana ratsa ƙirji. Amma in ganga ba ta sassauta ba, kunne ya kan saba, tsawa ta zama ba komi. Wuraren da su ka fi taɓa ni su ne inda kiɗan ya yi ƙasa ko ya ɗauke ɗungum. Da an ƙara irinsu da ya fi. Fitilu kuma an rage su har wanda ke kujerun sama ba ya ganin fuskar mai rawa. A nan siliman ya fi zauren, don mai ɗaukan hoto ya matso da fuskar Tamara Rojo kusa, ka ga tsoro da taurin kai tare a idonta, tana da shekara 43 tana fitowa a budurwa, ba kuwa wanda zai ce ba ta dace ba.

Na uku, masu gari gumaka ne, ba mutane ba. Sun tsaya ƙiƙam cikin ado, ba mai dariya, ba mai shakka, ba mai tausayi ko na ƙiftawar ido. Zalunci irin wanda mu ka sani ba haka ya ke zuwa ba. Ya kan zo da fara'a, ya tambaye ka lafiyar iyali, sa'an nan ya ce takardarka ba ta cika ba. Da Khan ya ba su rai kamar yadda ya ba Hilariyon, da masu kallon da su ka cika zauren nan cikin tufafi masu tsada sun ga kansu a madubi. Da ya ke ya mai da su dodanni, kowa ya tafa hannu ya tafi gida da zuciya fara, yana cewa ai ni ba haka na ke ba. Albiret ma bai cika ba. Ba mu ga abin da ya sa ya tsallako garu ba, ba mu ga kokawar zuciyarsa ba kafin ya juya baya, saboda haka gafarar da a ka yi masa ta zo da arha.

Na huɗu shi ne wanda ya hana ni barci, kuma har yanzu ban yanke ko aibu ne ko gaskiya ce mai ɗaci ba. Wa a ka kashe a wasan nan? Jizel, talaka. Hilariyon, talaka. Wa ya ba da umurni? Uban masu gari, shi kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, ya koma bayan garunsa. Fatalwowi da duk fushinsu, a kan ɗan aike su ka huce. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Da na fito zauren raina a ɓace, na ce Khan ya ji tsoron masu sayen tikiti. Da na sake kallo a silima sai na ce watakila ya faɗi abin da ke faruwa ne kurum. Mu ma in an matsa mana, sau nawa mu kan tunkari mai garun? Yawanci junanmu mu ke ci, wannan layi da wancan layi, wannan ƙabila da waccan, wanda ya zo jiya da wanda ya zo shekaranjiya.

Yanzu ga maganar iyayenmu dattawa, kuma ba zan ɓoye musu komi ba. Maza da mata suna rawa tare, suna riƙe juna, namiji yana ɗaga mace. Matan ba lulluɓi, hannuwa a waje, gashi a sake, ko da ya ke rigunan sun sauko ƙasa da gwiwa kuma ba tsiraici ko wasan batsa. Akwai ciki ba aure. Akwai matattu masu tashi su ɗau fansa, abin da ba ya cikin aƙidarmu, sai dai a ɗauke shi kamar yadda mu ke ɗaukan Dodo da Gizo a tatsuniya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da waɗannan ba, uzurinsa karɓaɓɓe ne, kada wani yaro ya kira shi ɗan ƙauye. Hukuncin halas da haram kuwa na malamai ne, ni ban kai nan ba. Abin da zan iya shaida shi ne, ban ga an yi wasan nan don tsokano sha'awa ba. Mutum ya kan fito da nauyin zuciya, kamar wanda ya dawo daga ta'aziyya.

Ku kuma samari, ku sassauta murya. Dattijon da ku ke gardama da shi, watakila yana yaro ya ga maƙwabtansa sun sayar da gado da tukunya a kan kuɗi kaɗan cikin kwana 14. Abin da ku ke so ku nuna masa a allo, shi ya gan shi a tasha. In kun lallashe shi ya zauna, shi zai fassara muku wasan fiye da ni.

Shawarata ga ƙungiya ita ce wannan. In malamai ba su hana ba, a nuna shi, amma ba a zauren karatu ba, a nemi wani wuri don a girmama masu ƙi. Kada a kawo ƙananan yara, kashi na biyu zai firgita su. Kafin a kunna, wani ya tashi ya ba da labarin da Hausa, minti biyar ya isa. Bayan an gama kada a watse. A zauna a tambayi juna: wane ne Hilariyon a cikinmu, me ya sa mu ke bukatarsa, kuma wace yarinya mu ka taɓa kewayewa mu ka rufe da shirunmu don kada a ji kunyar unguwa?

Akwai darasi guda kuma ga masu rubutu da masu wasan kwaikwayo a cikinmu. Ɗan baƙi ya ɗauki labarin da Turawa ke taƙama da shi tun 1841, bai roƙi izni ya kwaikwaye su ba, ya zuba masa rawar iyayensa da wahalar mutanensa, har masu abin su ka miƙe tsaye suna tafi. Mu ma muna da kayan aiki: fataken goro da su ka bi hanyar Salaga, kakanninmu da su ka kafa zongo, motocin 1969, 'yan kayaye na yau. Muna da kalangu da goge da Takai. In ba mu ba da labarin nan da kanmu ba, wani zai ba da shi, ya kuma sa mu a inda ya ga dama.

Na faɗi abin da na gani. In na yi daidai, daga Allah ne, in na yi kuskure, iyaye su gyara mini. Allah ya haɗa kan manya da yara, ya zaunar da zongo lafiya, amin. Haza wasalam.